Ƙudan da Ya Sauka a Idon Ishaya

Bagama, Suleja.

Zuwa ga abokina Ishaya,

Gaisuwa mai yawa. Na saba in ce da fatan kana lafiya, to yau ban san me ake ce wa wanda ya yi wata tara a ƙasa ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da za ka karanta ma, jan biro za ka fara nema ka gyara mini haruffa, yadda kake yi mini a allon gidan kallo. Ka bar ni in rubuta haka nan. Akwai abin da na gani wata safiya, kuma duk cikin waɗanda ke wurin kai kaɗai ne ba ka san yadda ta ƙare ba.

Safiyar Asabar ce. Na gan ka kana tahowa ta hanyar gonar Baba Shekwolo, can bayan Bagama, da fartanya a kafaɗa da malafar aro a ka. Ba da idona biyu na gan ka ba. Da ido ɗaya ne, ta cikin ɗan ramin nan na kyamara inda komai yake zama ƙarami, fari da baƙi. Na kira sunanka sau ɗaya, ka waiwaya. Na kira na biyu, ka tsaya ka sake waiwayawa. Na kira na uku, ka amsa, ka dafa ƙirji, ka durƙusa, ka kwanta tsakanin kunyoyin doya. Duk yadda muka tsara ne, ban da dafa ƙirjin. Shi na ɗauka ƙari ka yi na gwaninta.

Zan dawo kan wannan. Bari in fara ba ka labarin gida.

Gidan kallonmu yana nan a bakin tasha, kwanon da ke yoyo yana nan yana yoyo. Benci biyu sun karye, na ɗaure su da waya. Talabijin ɗinka ta fara yin kore a kusurwar hagu, sai na buga mata tafi a gefe take dawowa hayyacinta. Mutane sun ƙaru, don kullum sababbin ma'aikata ake turowa Abuja, kuma yawancinsu Suleja suke kwana. Da la'asar idan motoci suka fara sauke su, sai ka ga mai taye da kwandasta a benci ɗaya suna jiran a sa musu abin tsoro. Ƙanwarka Rifkatu ta gama koyon ɗinki, ta samu keke. Mama ta rame, amma tana fita kasuwa. Karenku ya daina zuwa tasha neman ka.

Har yanzu ina bin ƙa'idarka. Duk kaset ɗin da ya iso, ba na sa wa jama'a sai na kalle shi da safe, ƙofa a rufe, sannan in zana ƙoƙon kai da alli a allo: ɗaya idan fim ɗin wasan yara ne, biyu idan ya taɓa mutum, uku idan ya bi shi har gida. Tun da ka tafi ban ba kowa uku ba.

Ka tuna yadda muka raba aikin? Kai kana kallon labari, ni ina kallon gawa. Ka ce Allah bai ba ni boko ba, aji huɗu ya tsayar da ni, amma ya ba ni ido da haƙurin jaki. Ni ne nake nuna maka cikin mamaci yana hawa yana sauka. Ni na ga fatalwa da agogon hannu. Ni na ce maka jinin nan tumatirin gwangwani ne, don jinin gaske ba ya daɗewa yana ja haka, ina ganin na rago duk Sallah. Tun ranar da na kama wa liman wankan mahaifina na san yadda gawa take kwanciya. Ba ta gyara hannu, ba ta neman inda ya fi taushi. Duk tashar nan an san ba a ruɗin Lawal da mutuwar ƙarya. Ka riƙe wannan, za ka ga inda ya kai ni.

To ga labarin finafinan da suka fito bayanka, tunda na san shi za ka fara tambaya. Na Turawa ba su canza ba. Ƙaton gida a tsakiyar daji, ba maƙwabci ko ɗaya, a ji motsi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, mace ta ɗauki tocila ta sauka ita kaɗai. Wa zai ji tsoron wannan a Suleja, inda idan ka yi tari a ɗakinka mutum uku za su ce maka sannu ta bango? 'Yan kallo ba tsoro suke ji ba, faɗa suke yi mata, wai ta kira mutane mana, ita wace irin mara dangi ce. Dodonsu kam sun iya haɗa shi, ba ka ganin bakin roba a wuya. Amma da zarar sun nuna shi gaba ɗaya shi ke nan, ya zama nama, sai kwandastoci su fara gardamar ko adda za ta kama shi. Na Indiya kuwa, daidai lokacin da tsikar jikinka ta fara tashi, sai fatalwar ta tsaya ta yi waƙa.

Na Kudu su ne ke cika mana benci. Ka faɗa tun farko cewa su za su ci kasuwa, don gidajen irin namu ne, da bokiti a tsakar gida da kalanda a bango, kuma abin da zai cinye mutum ba daga daji yake fitowa ba, ɗan'uwansa ne da suke sa hannu a kwano ɗaya. Wannan ɓangaren har yanzu suna iyawa. Akwai wani da ya zo da damina. An nuna wata mata tana shara da sassafe, sai ta ga sawun ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga ɗakin ɗanta, babu sawun fita. Ba kiɗa, ba ihu. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon labule. Wallahi Ishaya, ni da nake kallo da safe, gari a waye, sai da na waiwaya na duba ƙofa. Na riga na ɗauki alli zan zana uku, sai suka ɗaga labulen. Me ke ciki? Wani ƙato da aka shafa wa farar ƙasa a fuska, idanunsa suna fitar da jar wuta kamar fitilar birki. Daga nan sai jan ƙyalle, sai kyandir, sai dariyar ƙeta, a ƙarshe fasto ya zo ya ƙone kowa da addu'a, aka rubuta a jira kashi na biyu. Na ba shi biyu, albarkacin matar da tsintsiyarta.

Da kana nan da ka buga cinya ka ce na faɗa maka. Ka sha gaya mini cewa abin da aka ɓoye wa mai kallo ya fi abin da aka nuna masa ban tsoro, don zuciyarsa za ta cike gurbin da abin da ya fi muni. Ka ce masu finafinan nan ba su da haƙuri, sauri suke yi su nuna abin da suka kashe kuɗi a kai. Ka ce tsoro na gaske ba ya buƙatar duhu, kuma wata rana za ka yi fim da rana ƙiri-ƙiri, ba jini ba dodo, mutane su fita suna waige.

Abin da ya kai mu gonar ke nan. Oga Sande mai ɗaukar bidiyon biki ya ara mana kyamara, da sharaɗin ta dawo kafin sha biyu don yana da ɗaurin aure. Labarin ɗan kaɗan ne. Mutum yana dawowa daga gona, ya ji ana kiran sunansa, bai ga kowa ba, a karo na uku ya amsa, ya faɗi. Ka ce wannan zai kama kowa, don kakarka mai zuwa coci a ƙauyenku da kakata mai carbi a nan Suleja, duk sun hana mu amsa kiran da ba mu ga mai yinsa ba. Ba mu da wani ɗan wasa, don haka ni ne mai kyamara, ni ne kuma muryar. Ka ce in kira sunanka na gaskiya, wai wuyanka ya fi saurin juyawa a kansa.

A hanya ka zauna sau biyu. Gumi yana zuba maka alhali rana ba ta yi zafi ba. Na tambaye ka, ka ce yunwa ce, ba ka karya ba. Ni mai ido, na gani, na bar shi a yunwa.

Ɗauka ta farko na ɓata ta da dariya, don da ka waiwaya malafar ta faɗi ta gangara cikin kwari kana bin ta. Ta biyu ka faɗi a kan ƙaya ka yi ƙara, na sauke kyamara tana ci gaba da ɗauka, na rugo. Ranka ya ɓaci sosai. Ka kira ni Malam Tausayi, ka ce da ni ne likita da duk marasa lafiya sun mutu ina yi musu sannu. Ka ce batir yana ƙarewa, sau ɗaya ya rage mana. Ka ce kana so kyamara ta daɗe a kan gawar, ta daɗe har mai kallo ya fara gyara zama, don nan ne masu fim na Legas suke faɗuwa. Sai ka ce in rantse, ko maciji na ga ya hau ka ba zan tsayar ba har sai ka ɗaga hannu ka ce kat, wato a tsaya. Na rantse. Ka san ni da rantsuwa, shi ya sa ka zaɓe ta.

Da ka kwanta a karo na uku, hannunka na dama ya maƙale a ƙarƙashinka a karkace, ba ka gyara shi ba. Na ce madalla, ya saurari abin da nake faɗa. Ƙafarka ta shure ƙasa sau biyu. Na zuba wa cikinka ido, tunda aikina ke nan. Ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa kaɗan, sannan ya tsaya. Na ce a raina, ɗan banza ya koyi riƙe numfashi bai gaya mini ba. Sai wani ƙuda ya zo ya sauka a leɓenka, ya taka ya hau kumatu, ya tsaya a gefen idonka da ke a buɗe rabi. Na danna abin da ke jawo hoto kusa. Ina jira ka ƙifta. Ba ka ƙifta ba.

Ishaya, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai kwanan nan. Na yi dariya. Na ce da ƙarfi, wallahi Ishaya ka fi su duka, uku, wannan uku ne.

Baba Shekwolo ya fito daga bayana da garmarsa. Na ɗaga masa hannu kada ya shiga hoto, shi kuma dattijon kirki ya tsaya. Ya tsaya yana kallonka, yana kallona. Can ya yar da garmar ya ce yaron nan ba wasa yake yi ba, ya ture ni ya wuce. Manomin da bai taɓa shiga gidan kallo ba, kallo ɗaya ya yi maka ya gane. Na ajiye kyamara a ƙasa ban ma tsayar da ita ba. Abin da ta ɗauka daga nan ciyawa ce a karkace, da ƙafafunmu, da muryata tana kiran sunanka na huɗu, na biyar, har na daina sanin na nawa.

Muka ɗauke ka zuwa titi, wata akori-kura da ta ɗebo doya daga wajen Izom ta tsaya mana. A asibiti likita ya ce zuciya ce, wai da alama tun kana yaro take da matsala, kuma abin zai iya samun ka ko a kan gado. Ya tambaye ni ko ka daɗe a kwance kafin a ɗauke ka. Na ce a'a, nan take ne. A injin bidiyo minti huɗu ne da 'yan kai. Daga baya na tambayi wata nas da ke zuwa kallo, na yi kamar a fim na gani, ko minti huɗu za su iya ceton mutum. Ta ce wani lokaci e, wani lokaci a'a. Wannan amsar nake ɗauke da ita har yau.

Me ya sa ba ka gaya mini ƙirjinka yana ciwo ba? Ka sani ne ka ɓoye, ko kai ma yunwar ka ɗauka? Lokacin da ka dafa ƙirji, ka yi ƙoƙarin ɗaga hannun nan ka ce kat, ya ƙi ɗaguwa? Na kalli wurin ya fi a ƙirga, ban iya rarrabewa ba.

A barandar asibiti Mama ta riƙe mini riga ta tambaye ni yadda aka yi. Na ce ba mu ma fara ɗauka ba, ka yanke jiki, na tare ka. Na mayar wa Oga Sande kyamararsa ba kaset a ciki. Kaset ɗin na tura shi cikin gangar wata matacciyar rediyo a shagonmu na kallo, na ɗaure da kusa.

Na gaya wa kaina cewa tsoron gari ne ya sa. Akwai gaskiya a ciki. Ka san yanzu ba mai mutuwa haka kawai a Suleja, kowace mutuwa da mai ita. Idan aka ga aboki ya kai abokinsa gona, ya kira sunansa sau uku, ya faɗi bai tashi ba, shi kuma yana dariya, me benci zai ce? Na san abin da zai ce, don mu muke sa musu kaset ɗin da ke koya musu. Amma ba garin nake tsoro ba, Ishaya. Mama nake tsoro.

Ka san tun muna yara ta ware mini tukunya, don kada in yi shakkar abin da zan ci a gidanku. Bayan ka tafi ba ta daina ba. Duk Lahadi idan an taso daga coci sai Rifkatu ta kawo mini kula cike da tuwon acca ko shinkafa. Idan na je gaishe ta na tarar da matan cocinsu, sai ta nuna ni ta ce ga ɗana Lawali, shi ne ya tare Ishaya kafin ya kai ƙasa. Su yi ta sa mini albarka, ni kuma ina sunkuye ina cewa amin. Wata tara ina cin tuwon nan yana wuce mini da ƙyar, kuma ban taɓa mayar da kular da saura ba.

Matar Baba Shekwolo ce ta fasa, ba da mugun nufi ba. Sun haɗu da Mama a layin 'yan doya, tana yi mata ta'aziyya, sai ta ce har yau mijinta yana tausayin yaron nan mai akwatin hoto a kafaɗa da bai gane ba. Mama ta aiko aka kira ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce hotonka biyu kawai take da su, na makaranta da na ranar baftisma, kuma idan akwai wanda kake motsi a ciki tana so. Sannan ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce kullum sai ta ga mutuwarka, kuma kullum daban. Yau maciji ne. Gobe kana jan ciki kana neman ruwa. Jibi kumfa a bakinka, kana kiran Mama, Mama, ba ta zo ba. Ta ce labarin da na ba ta gajere ne da yawa, shi ya sa zuciyarta take ƙara masa.

Na roƙe ta mako ɗaya. Na koma shago na rufe ƙofa, na haɗa inji biyu yadda muke yi idan za mu kwafi kaset. Na sa wayar hoto, na zare ta murya. Na tsayar da kwafin daidai inda ka waiwaya na biyu. Aiki mai tsabta, ko kai ba za ka ga tabo ba. Ba rantsuwa, ba kira, ba dariya, ba ƙuda. Na zauna na kalla. Ga ka kana tafe shiru, ka waiwaya, ka sake waiwayawa kana neman wani abu, sai yayyafin nan na ƙarshen kaset ya rufe ka.

Ina zaune a bencin gaba, inda muke zama da safe, sai na ga ina auna shi yadda muka saba. Ishaya, abin da na haɗa uku ne. Me kake waiwaye? Me ya faru bayan nan? Ba a nuna ba. Matar nan ce mai tsintsiya a gaban labule, kuma ni ne zan ajiye Mama a wurin har ƙarshen ranta. Ka koya mini cewa ɗaga labule yana kashe tsoro, muna zagin masu yin haka. To ai abin da take buƙata ke nan. Na ga cewa duk munin abin da ke cikin kaset ɗin, ni yake yi wa muni, ba ita ba.

Ranar Lahadi bayan coci na ɗauki inji ɗaya a mashin zuwa gidanku. Kaset biyun duk suna cikin jakata, kada ka ɗauka na zama jarumi, har ƙofar gida ban gama yanke shawara ba. An kawo wuta. Na haɗa injin da ƙaramar talabijin ɗin nan ta babanka, mai fari da baƙi. Kafin in sa komai na tsaya da hula a hannu na ce, Mama, na yi miki ƙarya, ban tare shi ba. Rifkatu ta miƙe za ta fita, Mama ta ce ta zauna. Na sa na gaskiyar.

Ta yi dariya da malafar ta gangara kana bin ta, dariya ta gaske, har da share ido. Da ta ji kana zagina ta ce bakin babanka sak. Ta ji lokacin da ka sa ni rantsuwa, ta ji na rantse. Da aka zo ɗauka ta uku sai ta matso bakin kujera. Ta ji muryata sau uku. Ta ga ka kwanta. Rifkatu ta tura fuska cikin zane, amma Mama ba ta kau da kai ba.

Da ƙudan ya sauka a gefen idonka, sai ta ɗaga hannu da bakin zanenta ta kore shi a jikin gilashin. Sau biyu ta yi. Bai tashi ba. Daidai nan muryata ta fito tana cewa ka fi su duka, da dariyar a bayanta. Na shekara nawa ina kallon finafinan tsoro, ban taɓa jin sauti mai munin wannan ba.

Ta bari ya tafi har yayyafi. Sannan ta ce, ashe bai yi ta fama ba, ashe bai kira ni ba. Ta ce haka kake kwanciya a tabarma idan ka dawo daga makaranta, hannu a ƙarƙashinka, har sai ta zo ta zare maka shi. Na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu.

Sai ta juyo ta dube ni. Ta ce minti huɗun nan namu ne mu biyu da shirmenmu, ta ji da kunnenta wanda ya nemi rantsuwa. Amma wata taran nan nawa ne ni kaɗai. Ta ce ta yi ta nuna ni wa mutane. Ta ce in bar injin da kaset ɗin in tafi. Ba ta ce ɗana ba, ba ta ce Lawali ba. Lawal ta ce, kamar a takarda.

Lahadin da ta biyo baya kula ba ta zo ba. Ban yi mamaki ba, amma sai da na leƙa titi.

Yau da safe Rifkatu ta zo shago hannu rabbana, ba kula. Ta ce inji ya haɗiye kaset. Wai kullum kafin Mama ta fita kasuwa sai ta kalli wurin malafar, ta mayar baya, ta sake kalla, har zaren ya naɗe. Ta ce Mama ta ce in zo da sukundireba. Iyakar saƙon ke nan. Zan je bayan Azahar. Ban san ko za ta nuna mini kujera ba, ban san da wane suna za ta kira ni ba. Zan zaro zaren a hankali, in miƙar da shi, in ya tsinke in haɗa da salatif. Ba zan yanke ko ɗan yatsa ɗaya ba. Kwafin da na yi mata na ƙarya na riga na sa wasan ƙwallo a kansa.

Abu ɗaya ya rage da ke damuna. Sun ce kunne ne yake ƙarshen tafiya. Ka ji ni? Abin da ka ji na ƙarshe a duniya dariyata ce, ko cewa ka fi su duka? Idan dariyar ce, ka yafe mini. Idan maganar ce, ban janye ba. Ka yi abin da ka ce za ka yi, da rana ƙiri-ƙiri, ba jini ba dodo, kuma ya bi ni har gida. Amma ba zan taɓa zana shi a allo ba.

Wata tara duk wanda ya tambaye ni wa ke wurin, sai in ce ni kaɗai. Yau bari in rubuta daidai. Na gani, ni da na fi kowa kusa kuma na fi kowa jinkirin ganewa. Baba Shekwolo ya gani, shi ne ya fara taɓa ka. Tun ranar Lahadin nan Rifkatu ta gani, iyakar abin da ta iya kalla. Mama kuma ta gani daga farko har ƙarshe, ita ce ta kori ƙudan da na bari a idonka.

Ka huta, Darakta. Allah ya sa inda kake ya fi nan sanyi.

Ni ne abokinka,
Lawal, wanda har yau yake jira ka ɗaga hannu.